Yadda ake zaɓen kayan alaimen idan za ka ɗaga darajar ƙafar motar gudu

Mutane da yawa da zarar sun sa wa mota koyiloba, wato shoka da sifirin a haɗe da ake iya saita tsayinsu, ko gajeren sifirin, sun ɗaura faffaɗan rim da taya mai kama ƙasa, sai su ɗauka ai aikin ƙafa ya ƙare. Bayan wata biyu uku sai a ga cikin tayar baya ya cinye har waya tana leƙowa, ko kuma motar tana ta yawo a kan titi sai ka riƙe sitiyari da hannu biyu, daga nan sai a faɗa intanet a fara lodin ƙarafa masu kala, ja da shuɗi da ruwan gwal, rabinsu motar ma ba ta buƙata. Ni dai shawarata kullum ɗaya ce, lambar alaimen, wato awon yadda tayoyi suke tsaye a jikin mota, ake fara nema sannan a sayi ƙarfe. Sai ka san inda ƙafar take yanzu da inda kake so ta koma, sannan ka sayi abin da zai cike wannan tazarar kawai.

Mataki na farko, ka gane abubuwa ukun da ake saitawa

Kamba ita ce karkatar taya idan ka tsaya a gaban mota kana kallonta. Idan saman tayar ya kwanta ciki wajen bodi, wannan ita ce kamba negatib, ita masu gudu suke nema, saboda a cikin kwana bodi yana kwantawa waje, tayar waje tana so ta hau kan kafaɗarta, to wannan ɗan karkacewar ita ke sa fuskar tayar ta zauna daram a ƙasa lokacin da aka fi buƙatarta. Kasta kuma daga gefe ake ganinta, yadda layin da tayar gaba take juyawa a kai ya kwanta baya. Ita ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana, ita ke sa mota ta miƙe a babban gudu, kuma tana ƙara wa tayar waje kamba daidai lokacin da ka karya sitiyari. Na uku shi ne to, kamar mutum ya tsaya yatsun ƙafarsa suna kallon juna, wato to-in, ko suna kallon waje, wato to-aut.

A nan zan ɗan tsaya, don nan ne ake yawan ɗora wa kamba laifin da ba nata ba. Abin da ya fi cin taya to-in da to-aut ne. Yi lissafi da kanka, taya ɗaya da ta kauce da rabin digiri kacal, a kowace kilomita ɗaya ana jan ta a kaikaice kusan mita 9. Idan aka haɗa to-aut da kamba negatib, duk wannan gogar a gefen ciki take sauka, shi ya sa kake ganin ciki ya ƙare waje yana nan sabo. Mota mai kamba digiri -2 da to ɗinta a kusan sifiri za ta fi jimawa da taya a kan mota mai -1 wadda to ɗinta ya kauce.

Mataki na biyu, duba lafiyar ƙafar sannan ka auna

Kada ka sayi komai tukuna. A ɗaga motar a girgiza kowace taya sama da ƙasa, hagu da dama, a duba bol-joyin, tayirod, boris na taya, da duk bushin ɗin roba. Idan akwai wasa a ko ɗaya, duk lambar da na'ura za ta ba ka ƙarya ce, don da zarar mota ta fara tafiya lambar za ta canja. A duba kuma ko wani am, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafar taya da jikin mota, ya lanƙwashe. Idan gefe ɗaya ya bambanta da ɗayan da kusan digiri guda kuma babu dalili, wani abu ne ya tanƙware ko sabfirem ya goce, a gyara shi, ba a rufe shi da kayan saiti ba.

Sai ka fara gama maganar tsayin mota. Sa sifirin ko koyilobar da za ka sa, saita tsayin da kake so, yi ta hawa na 'yan kwanaki sifirin ya zauna. Sannan ka kai ta a ɗora a na'urar alaimen, irin su Hunter, ka karɓi takardar da ta buga, tayoyi huɗu duka. Ka lura da yadda aka rubuta lambobin, wata na'urar da digiri da minti take rubutu, 1°30' digiri ɗaya da rabi ne, ba 1.3 ba, wannan kuskuren yana rikita mutane sosai.

Mataki na uku, me za ka yi da motar

Faɗa wa kanka gaskiya a nan. Idan motar hawa ce ta yau da kullum da kake ɗan sakar mata wuta lokaci lokaci, kamba tsakanin -1 da -1.5 a gaba ta isa, wasu su kai -2, to ɗin gaba a sifiri ko ɗan to-in kaɗan, baya kuma ɗan to-in. Idan kana shiga filin tsere da taya mai laushi, motar da ƙafar gabanta MacPherson ce, wato shoka ce da kanta take riƙe da saman ƙafar, za ta nemi -2.5 zuwa -3.5 a gaba, mai dobul wishbon, wato mai am biyu sama da ƙasa, ba ta cika buƙatar haka ba saboda ita da kanta tana ƙara kamba idan ƙafa ta nutse. Baya yawanci ana barin ta ƙasa da gaba da rabin digiri zuwa digiri ɗaya. Kasta kuwa, galibi ana ƙara iya abin da aka samu muddin taya ba ta goga ba kuma sitiyari bai yi nauyin da zai dame ka ba, amma hagu da dama su zo ɗaya, don mota tana ja zuwa gefen da kastarsa ta fi ƙanƙanta.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi, kada ka bar to-aut a tayar baya a motar da ke hawa titi. Bayan motar zai iya kufcewa a tsakiyar kwana ko lokacin taka birki, kuma ba ya sallama. Haka kuma kamba idan ta yi yawa birki yana raguwa, tashi ma yana raguwa, musamman a tayoyin da suke jan motar, don a miƙaƙƙiyar hanya gefen ciki kaɗai ke taka ƙasa sosai.

Yanzu sai ka ajiye takardu biyu gefe da gefe. A ce bayan ka sauke mota milimita 30, na'ura ta nuna gaba -0.8, baya -2.3, kai kuma kana son gaba -2, baya -1.5. Ka ga ke nan gaba kana neman ƙarin digiri 1.2, baya kuma kana so ka rage 0.8. Waɗannan lambobi biyun su ne jerin sayayyarka, duk abin da ba ya cikinsu ajiye shi.

Mataki na huɗu, leƙa ƙarƙashin motar ka ga me kamfani ya riga ya ba ka

Ba kowace mota ke buƙatar ƙarin kaya ba. Mazda MX-5 misali, tun daga kamfani tana da notina masu karkatacciyar washa da ake saita kamba da kasta da to da su, sau da yawa alaimen mai kyau kawai take so. Subaru WRX tana da notin kamba a gaba daga kamfani. Toyota 86 da 'yar'uwarta Subaru BRZ da suka fito a 2012 kuma, baya to kaɗai ake iya saitawa, kamba sai ka canja lowa-am, wato am ɗin ƙasa. Nissan 350Z a gaba sai ka sa ofa-am, wato am ɗin sama, mai saiti kafin ka taɓa kamba. Saboda haka ka nemi littafin gyaran motarka ka ga iya inda saitin kamfani ya tsaya, idan zai kai ka inda kake so, shi kenan kuɗinka ya huta.

Mataki na biyar, zaɓen kayan gaba

Idan MacPherson ce kuma sitirot ɗin, wato shoka da sifirin ɗinta, da noti biyu aka ɗaure shi a jikin nokul, ƙarfen da taya take ɗaure a jikinsa, hanya mafi sauƙi ita ce notin kamba. Ana cire notin sama a sa wani mai ɗan tudu a jikinsa, juya shi yana tura nokul ciki ko waje. SPC da Whiteline da Eibach duk suna yi, kuma yana iya ba ka digiri ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wani lokacin ya ɗan wuce. Amma ka san abu biyu. Jikinsa ya fi na asali siranta, shi ya sa ba a ɗaure shi da ƙarfin da ake ɗaure na kamfani, ka bi lambar da ke takardarsa, kuma idan mota ta daki rami da ƙarfi yana iya zamewa. Na biyu, yana matso da saman taya kusa da sitirot, idan rim ɗinka faffaɗa ne ka sa yatsa ka ji ko akwai sauran fili kafin ka saya.

Motoci irin BMW E46 da E90 ko Golf daga Mk5 zuwa sama, sitirot ɗinsu cusa shi ake yi cikin nokul a matse, babu wurin notin kamba. A nan sai kamba-filet, wato farantin da ke maye gurbin mazaunin sitirot na sama, yana ba ka damar tura kan sitirot ciki don kamba, wasu kuma har baya don kasta. Ground Control da Vorshlag da Cusco sun yi suna a wannan. Alherinsa shi ne duk sitirot ɗin ne yake kwantawa tare da taya, filin da ke tsakaninsu ba ya raguwa, kuma daga saman injin kake saitawa. Kafin ka biya kuɗi ka tambayi abu uku. Wane sifirin aka yi shi dominsa, na asali mai faɗi ko siririn na koyiloba, don faffaɗan sifirin zai daki bangon hasumiyar sitirot tun kafin farantin ya kai ƙarshen tafiyarsa, ka ga an rubuta -3 a kwali amma -1.8 ka samu. Sannan kaurinsa, don wani farantin yana ɗaga gaban mota ko ya cinye wa shoka tafiya. Sai kaurin sandar shokarka, dole ya dace da ramin boris ɗin farantin.

Akwai hanya ta uku, lowa-am mai ɗan tsawo da ke tura ƙasan taya waje. Masu BMW E90 da E82 sun daɗe suna ɗaura am ɗin M3 don wannan, ƙarin bai kai digiri ɗaya ba amma kayan kamfani ne, shiru babu ƙara. Sai dai idan tayar gaba ce ke jan mota ka yi hattara, doguwar tazara tana jan shaf fiye da yadda aka tsara shi.

Dobul wishbon kuwa, irin Civic na 1992 zuwa 2000 ko 350Z, ofa-am mai saiti ake sawa. Ka duba kaurin kansa wajen bol-joyin, a motar da aka sauke sosai wani am ɗin yana dukan bodi daga ciki idan ƙafa ta nutse. Kasta kuma idan farantin bai ba ka ba, akwai bushin ɗin lowa-am mai rami a karkace, yana ƙara kusan rabin digiri, amma yana matsar da taya gaba, a juya sitiyari har ƙarshe a ga ko tana gogar robar madigad.

Mataki na shida, baya

Malti-link, wato ƙafar baya mai am da yawa, idan aka sauke ta kamba negatib tana ƙaruwa da kanta, to ɗin ma ya canja. Sau da yawa am ɗin kamba ɗaya a kowane gefe ya wadatar. Matsalar ita ce da ka taɓa kamba to ɗin ma zai motsa, sai notin kamfani ya kai ƙarshensa bai dawo da shi ba, a nan ne kaɗai ake buƙatar am ɗin to mai saiti. Ni ina ganin gara ka fara sa na kamba, a gwada a na'ura, idan notin asali ya isa ka huta. Kuma dan Allah kada ka sayi duk am biyar masu saiti don kawai an haɗa su a kwali ɗaya, kowane tsawo ka canja yana canja yadda to ke motsi lokacin da ƙafa ke hawa da sauka, idan babu mai auna maka wannan za ka iya ɓata motar da take lafiya lau.

Idan bayan bim ne guda, wato ƙarfe ɗaya da ya haɗa tayoyin baya, siraran shim, wato 'yan faranti na ciko, ake sawa a bayan hob ɗin da taya take juyawa a kai. Idan kuma aksul ne guda kamar Mustang na 2005 zuwa 2014, sauke mota yana tura aksul gefe ɗaya, sandar Panhard, wato sandar da ke haɗa aksul da bodi a kaikaice, mai saiti ce ke dawo da shi tsakiya.

Mataki na bakwai, roba ko foli ko boris

Wannan zaɓin shi zai nuna ko za ka ji daɗin motar ko za ta ishe ka. Roba shiru ce, ba ta son kulawa, amma tana lotsawa a kwana, lambar da aka saita tana ɗan guduwa. Foliyuretan irin na Powerflex da SuperPro ya fi tauri, yana riƙe saiti, amma sai da giris ɗinsa na musamman, idan ya bushe sai ƙiiƙii, kuma bai dace da gaɓar da ke murɗawa ta fuska fiye da ɗaya ba. Sanannen misali bushin ɗin tirelin-am na baya a E36 da E46, foli mai tauri a wurin yana ɗaure ƙafa, shi ya sa masu sani suke barin roba da zoben tokara ko su sa boris. Boris mai ƙwallo, wanda ake cewa filobol, shi ne ba ya lotsawa sam, motar tana amsa sitiyari nan take, amma duk wani tsakuwa za ka ji ta a kujera, kuma ruwa da ƙura da gishirin titi suna kashe shi da wuri, sai ya fara ƙwanƙwasa. Motar titi, roba mai tauri ko boris rufaffe mai robar kariya. Buɗaɗɗen boris na motar fili ne da ake dubawa kullum.

Mataki na takwas, yadda za ka gane ƙarfe mai kyau

Am ɗin ƙafa idan ya karye a gudu taya ce take juyawa inda ta ga dama, saboda haka nan ba wurin neman araha ba ne. Kamfanin kirki zai faɗa maka da me ya yi kayan, ƙarfe 4130 ko alminiyam 6061-T6 ko 7075, zai faɗi iya digirin saiti, zai ba da lambar ɗauri, kuma za ka iya sayen bol-joyin ko boris ɗin shi kaɗai idan ya mutu. Duba walda, duba kaurin tiredi. Nemi am mai tiredin hagu da dama, wanda ake juya tsakiyarsa yana jikin mota ba sai an kwance ba, makanike zai iya kai lambar daidai, kuma a tabbata sifana tana iya kaiwa ga notin kulle bayan an ɗaura. Idan an gama saiti tiredin da ya rage a ciki kada ya gaza kaurin sandar sau ɗaya da rabi, idan sai ka warware shi kusan ƙarshe kafin ka samu lambarka, wannan am ɗin ba naka ba ne. Ka duba ma ko yana da wurin maƙala wayar ABS da sandar sensar fitila. Sannan doka, a Jamus misali irin waɗannan kayan sai da takardar amincewa irin ta TÜV, masu gwajin lafiyar motoci, wasu ajin gasa kuma ba sa yarda da kamba-filet ko filobol, karanta ƙa'idar kafin ka saya.

Idan ka sauke motar da yawa

Da zarar ka wuce milimita 35 zuwa 40, leƙa lowa-am na gaba. Idan gefen taya ya fi gefen bodi tsayi, cibiyar kwanciyar motar ta faɗi ƙasa, sai ka ga mota ta yi ƙasa amma tana kwanciya a kwana fiye da da. Tayirod ma ya karkace, kowane tudu ka taka sitiyari ya fizga da kansa. Maganinsa dogon bol-joyin da dogon kan tayirod, kuma tare ake sa su, ɗaya ba ɗaya sai ya ƙara dagula abin. Amma gaskiya mafi sauƙi ka ɗaga motar milimita 10, sau da yawa ya fi komai aiki. Linkejin sitabilaiza mai saiti, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa ƙafa da sandar da ke rage kwanciyar mota a kwana, shi ma nan yake da amfani, don sandar ta zauna babu matsi a gefe ɗaya.

Mataki na ƙarshe, ɗauri da saiti da gwaji

Kafin a ɗaura sabon am a daidaita tsawonsa da tsohon, hagu da dama iri ɗaya, a shafa wa tiredi man hana tsatsa. Duk notin da ya ratsa bushin ɗin roba, sai mota tana zaune da nauyinta a kan tayoyi ake masa ɗaurin ƙarshe, idan aka ɗaure tana rataye a jak robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni. A yi amfani da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, kuma notinan da littafi ya ce sau ɗaya ake amfani da su, kamar yadda ake yawan samu a motocin Jamus, a sa sababbi.

A wurin alaimen ka ba su lambobinka a rubuce, kada su bi kore da ja na allo, don wannan na motar da ba a taɓa ba ne. Iskar taya ta zama daidai, mai kusan rabin tanki, kai ko nauyinka a kujerar direba. Ana fara baya, kamba sannan to, sai gaba, kasta, kamba, to a ƙarshe, saboda duk abin da aka taɓa yana motsa to. Motar zamani a sake saita sensar sitiyari, mai kamara da rada ta bin layi ita ma tana iya buƙatar nata saitin. Kafin ka tafi a ja layin fenti a kan kowane notin saiti da abin da yake jingine da shi, kallo ɗaya zai nuna maka idan ya zame.

Daga nan taya ce za ta gaya maka sauran. A fili, da ka fito daga zagaye a auna zafin tayar wuri uku, ciki da tsakiya da waje. Ciki ya ɗan fi waje zafi da digiri 5 zuwa 10 na Celsius, lafiya lau. Waje ya fi zafi, ƙara kamba. Ciki ya yi nisa sosai, rage ta. Tsakiya ya fi duka biyun, iska ta yi yawa. Idan babu abin auna zafi, shafa alli a kafaɗar taya ka ga iya inda ya goge. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda a rubuta, kuma duk sanda ka matsar da kamba-filet ka tuna to ɗin gaba ya motsa, sai an sake duba shi. Bayan 'yan ɗaruruwan kilomita a sake bin duk notinan da sifana, a duba layin fentin, idan ka canja tsayin mota ko da milimita 5 ne a koma na'ura.